Bakin Tulu a Bayan Ɗakin Inna

Shekarar da ruwa ya ci ƙauyukan Miga, cocinmu na Yalwawa ya loda mu a bayan a-kori-kura, mu matan zumunta da maza magina, da siminti da kwanon rufi. Ni ban iya gini ba, ɗibar ruwa da kwaɓa ƙasa aka ba ni.

Gidan da aka kai mu na wata tsohuwar Bafillatana ce da mijinta ya rasu, kowa Inna yake ce mata. Gida dai suna ne kawai: ba katanga, ba zaure, ɗakinta ya zube, a ajin firamare take kwana. Amma duk namijin da ya zo sai ya tsaya daidai inda zauren yake a da, ya yi sallama. Mazanmu ma haka suka yi.

Shugaban maginanmu ya zaɓi tudun da ke bayan tsohon ɗakin, inda ko ruwa ya dawo ba zai hau ba. Ya ja igiya, ya ɗaga diga. Sai Inna ta zo ta zauna a kan igiyar.

Gaskiya raina ya ɓaci, ni kuma bakina ba ya shiru. Na ce, "Haba Inna! Da la'asar motarmu za ta juya, ke kuma kin zauna mana a kan aiki?"

Maƙwabciyarta ta ja ni gefe. Ta ce, "Yi a hankali, baiwar Allah. Ɗanta na fari yana tudun nan. Ko suna bai kai ba ya koma, aka binne shi a bayan ɗaki yadda ake yi wa jarirai. Bakin tulu aka kafa a kai, laka ta rufe shi. Ita ma yanzu ba ta san daidai wurin ba. Kuma ba za ta faɗa muku ba, ɗan fari ne, da kunya."

In ba a samo wurin ba, ko diga ta sauka a kan yaron, ko Inna ta haƙura da ɗakin.

Na ce wa maginin ya ajiye digar nan tukuna. Mu mata muka ɗaure zannuwa, muka durƙusa muna laluben laka da hannu. Muka ciro murfin kwano, da ludayi, da takalmi ƙafa ɗaya. Inna ta kawar da kai kamar ba ruwanta, amma duk abin da aka ciro sai ta saci kallonsa.

Azahar ta gota wani abu ya yanke ni a yatsa. Na bi shi a hankali, na ji ya zagaya. Ban cire ba. Yana daidai kusurwar da aka ja igiyar.

Na ce, "Inna."

Ta taso, ta goge bakin tulun da gefen zaninta har jan yumɓun ya fito. Ta daɗe a tsugune. Sannan ta ce wa maginin, "Ɗan nan, matsar da igiyarka can."

Ba mu gama ginin a ranar ba, sai da mazan suka sake komawa daga baya. Da za mu tafi muka yi addu'armu, ita ma ta ɗaga hannu ta yi tata. Ta rako ni bakin mota, ta dubi tsumman da na ɗaure yatsa da shi, ta dubi idona da ya kasa bushewa.

"'Yar nan, ke ma kina da shi ne?"

Na ce ina da shi, na fari shi ma. Ina kwance a asibiti maza suka naɗe shi a zani suka tafi.

Ta riƙe hannuna da lakar da komai. "An kafa masa tulu?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna. Ban taɓa ganin wurin ba."