Yadda Kifayen Teku Suka Fara Cin Abinci a Falonmu

Maigidana direban tirela ne, shanu yake ɗauka daga kasuwar Potiskum zuwa Legas. A wata tafiya ya dawo da akwatin gilashi, da buhun gishirin teku, da ɗan injin hura iska. Ya haɗa ruwa ya cika akwatin, ya jona injin da solarmu, ya ce sai ruwan ya yi sati uku yana juyawa kafin a saka komai. Maƙwabta in sun tambaye ni abin da muke kiwo, sai in ce ruwa.

A tafiya ta gaba ya shigo da bokiti mai murfi, yana takawa a hankali. Kifaye biyu ne a ciki, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, kowanne bai kai tsawon yatsa ba, launin lemo da ratsin fari. Ya miƙa min gwangwanin abincinsu, ya ce ɗan kaɗan safe da yamma. Bayan kwana biyu ya yi lodi ya koma hanya, ya bar ni da su da mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya.

Iya 'yar Baga ce, mahaifinta masunci. Hausarta har yau da Barbarci a ciki, ɗanta ma "ke" take ce masa. Ta leƙa akwatin sau ɗaya ta taɓe baki.

"Kifin da ba ya shiga tukunya, mene ne amfaninta?"

Kifayen kuwa suka ƙi ci. In barbaɗa abincin, ya yi yawo a sama, ya jiƙe ya nutse, su kuma suna maƙale a kusurwa bayan injin. Sai in sa rariya in kwashe don kada ruwan ya lalace. Ga falon kullum cike. Matan unguwa suna zuwa kallo, 'yan uwana da suka zo asibiti daga Gadaka ma sai da suka biyo, yara suna ƙwanƙwasa gilashin, kowa yana haska wayarsa.

Rana ta huɗu na ga cikin ƙaramin ya shafe, hankalina ya tashi. Na kira maigidan, ya kira wanda ya sayar masa, ya dawo min da saƙo: a nemo ɗanyen jatanlande, a kankare shi ƙanana, a ɗiga masa ruwan tafarnuwa, ƙamshin yana jan su. Na zaga wajen masu kifin ƙanƙara har shago uku kafin na samu. Na yi yadda aka ce. Babban ya ɗan leƙo, wata maƙwabciya ta ce "Ga shi nan!" da ƙarfi, ya koma.

Iya tana gefe tana jan carbi. Ta ajiye shi.

"'Yar nan, ke in an kai ki gidan baƙi, aka zagaye ki ana kallon bakinki, za ki ci tuwo?"

"Ba zan ci ba, Iya."

"To kifi ma haka. A tafki, inda babu ciyawa ba ka samunta."

Ta tashi ta sallami kowa, har da aminiyarta da ta zo hira. Ta ɗauko zanenta na atamfa ta rufe gefe uku na akwatin, ta sa na kashe fitilarsa. Sannan ta aike ni in sayo sabuwar 'yar tukunyar ƙasa. Ta fasa mata gefe da taɓarya, ta goge kaifin a jikin siminti, ta tafasa ta, ta bari ta huce, ta kifa a cikin ruwan. Ba a yi minti biyar ba duka biyun suka shige.

"Yau kada ki ba su komai," in ji ta. "Su kwana da yunwarsu a ɗakinsu."

Washegari bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma nesa kaɗan. Na saki jatanlanden kusa da bakin tukunyar, na dawo na zauna. Shiru. Ƙafata har ta fara sanyi. Can sai babban ya fito da kai, ya cafki guntu, ya tofar, ya sake cafka ya haɗiye. Iya ta damƙe min wuyan hannu. Ƙaramin ya biyo baya yana rawar jiki, ya ƙwace na gaba tun kafin babban ya kai gare shi. Na buɗe baki zan rangaɗa guɗa, ta toshe min shi da tafinta, ita kanta kafaɗunta suna girgiza don dariya.

Da maigidan ya kira, ban kai ga gama sallama ba ta karɓe wayar.

"Ke, kifinki ta ci! Ni na ba ta!"

Ban musa ba. Daga ranar nan, ciyarwa ta koma hannunta. Ita ta riƙa cakuɗa abincin gwangwani da jatanlanden kaɗan-kaɗan, har suka saba da shi zalla cikin sati biyu. Da zafi ya tsananta, ita ke jefa gorar ƙanƙara a ruwan da azahar. Aka yi bikin jikar yayarta a Nangere, mun shirya kwana uku, amma da aka ɗaura aure aka ci abinci sai na gan ta tana naɗe sallayarta.

"Iya, ina zuwa?"

"Gida. Ki zauna ki kai amarya, ni la'asar ta kusa, kifina tana jira."