Bindigar da 'Yata Ta Zaɓa

A shekarar da ta gabaci zuwan korona ina aiki a wani kamfanin sayar da tsofaffin injinan mota a Ras Al Khor, a Dubai. Aikina duba kaya ne. Idan kwantena ta iso aka sauke injina a fili, ni ne zan bi su ɗaya bayan ɗaya, in leƙa, in juya, in shafa, in ce wannan ya yi, wancan a tura wa 'yan gwangwan. Na daɗe a kai har yatsana kan gane ciwon ƙarfe kafin idona ya gani.

Amma ba sana'ar gidanmu ba ce. Mu maharba ne kaka da kakanni, daga wani ƙauye a gindin duwatsun ƙasar Ningi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da bindigar toka ya ciyar da mu, daga baya ya samu mai baki biyu. Na bi shi dawa har zuwa lokacin da aka kai ni makarantar koyon sana'a a Bauchi, daga nan kuma ban ƙara komawa ba. 'Yan'uwana kowa ya kama abin da ya kama, dajin ma gonaki suka cinye shi. Na riga na sallama cewa harbi a gidanmu daga kan mahaifina ya ƙare.

'Yata ta fari sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Mamana. A Kano aka haife ta, a nan Dubai ta gama sakandare, sannan ta tafi Kanada karatun gandun daji. Da ta gama sai ta samu aiki a wani ƙaramin gari, ita da mijinta, wurin da itatuwa suka fi mutane yawa. Babbar damuwarsu a can nama ce. Kafin su samu na halal sai sun wuni a mota.

Wata Juma'a bayan mun dawo daga masallaci ta kira mu, muna zaune a falo ni da mahaifiyarta.

"Abba, na yi kwas ɗin riƙe bindiga, na ci jarrabawa, lasisina ya fito. Da na farauta ma. Bana zan shiga farautar barewa tare da abokan aikina."

Mahaifiyarta ta ajiye kofin shayi.

"Kowa 'yarsa hoton jika take aiko masa, ni tawa lasisin bindiga. Shi mijin naki me ya ce?"

"Ya ce shi zai ɗauko naman, Umma, amma kada in sa shi kallon fiɗa."

Ni dai na san idan na buɗe baki za a ga haƙorana. Tashi na yi na shiga kicin kamar zan sha ruwa, na tsaya gaban firij ina murmushi ni kaɗai.

Da na dawo ta yi mini bayani. Barewar ƙasar ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, namijin da ƙaho mai rassa. Dajin da za su shiga kuma sarƙaƙiya ce, ba a hangen nesa, don haka gajeriyar bindiga take so, mai saurin ɗagawa. Ta ce akwai wata irin ta da, mai wani mariƙin ƙarfe a ƙarƙashin kunama. Ka tura shi gaba ta tofar da kwanson harsashi, ka dawo da shi ta ɗora sabo. Ba ta son sabuwa, wai tsofaffin sun fi ƙarko, kuma akwai su a wani shago a garin da ke kusa da su.

"Amma ni ban san yadda ake gane ta ƙwarai ba, Abba. Kai ne ɗan maharbi, kuma kai ne mai duba tsohon ƙarfe. Zan kira ka daga shagon."

Ban taɓa riƙe irin wannan bindiga ba. A Dubai kuwa ba wurin da baƙo irina zai je ya ce a miƙo masa ya gani. Mako guda na yi ina kallon zanen cikinta a waya lokacin hutun rana, har na gane yadda ƙarafunanta suke cizon juna. Da na fahimce ta sai na ga ba ta da wani bambanci da inji. Wurin da ake gogayya nan ake ci, wurin da ruwa yake kwana nan tsatsa take.

Ranar Asabar da yamma ta kira, a can safiya ce, an buɗe shago ke nan. Ina ɗan ofishina na cikin yadi, wato filin da ake sauke injina, tare da wani abokin cinikinmu, Alhaji mutumin Maraɗi, wanda yake loda injina zuwa Kwatano. Ya zo duba kayansa ya tsaya shan shayi. Da ya ji abin da ake ciki sai ya jawo kujera.

"Ah bon? Da gaske? 'Yarka ce za ta sayi bindiga? To ni ba inda za ni."

Mai shagon wani dattijo ne mai farin gemu. Ta gabatar da ni, ya ɗaga mini hannu. Ta riga ta tace, saura bindiga uku a kan kantar shagon. Kafin ta taɓa kowace sai na ga ta buɗe ta, ta leƙa, ta sa ɗan yatsa ta tabbatar babu harsashi, bakin kuma yana kallon bango. Ba wanda ya ce mata ta yi. Alhaji ya dube ni, na yi kamar ban gan shi ba.

Ta farko sai ƙyalli take, katakon kamar an lashe. Alhaji ya ce, "Khalas, shi ke nan, wannan ce." Na ce ta kawo waya kusa da ƙusoshin da ke gefe. Kawunansu duk sun cinye, sukudireban da bai dace ba ya sha zamewa a kai.

"Mamana, an sha buɗe wannan, kuma wanda ya buɗe ta bai iya ba. Roƙi dattijo tocila. Haska ta baya, ki leƙa bututun."

Ta leƙa, ta daɗe.

"Akwai zane-zane da suke murɗawa, amma sun dusashe. Kuma akwai ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar zanzana."

"Ajiye ta. An yi mata kwalliya ne a waje."

Ta fassara wa dattijon. Ya yi dariya, ya ce shi ma abin da ya gaya wa wanda ya kawo ta ke nan.

Ta biyu ita ta shiga raina. Doguwa ce, mai nauyi, da madubin hange a kanta. Bututun tas, ƙusoshi lafiya. Na sa ta tura mariƙin ta dawo da shi kusa da wayar, na rufe ido ina saurare. Ƙara biyu, kowace a wurinta, babu kwaramniya. Na ce ta rufe ta girgiza, ba abin da ya motsa. A raina na ce da mahaifina ya samu irin wannan, da ba a zauna lafiya a dajin Ningi ba.

Ta ukun kuwa ba ta da kyan gani ko kaɗan. Gajeriya, babu madubi, baƙin jikinta ya koɗe ya koma fari daidai tsakiya, inda hannu yake riƙe ta in ana tafiya. Katakon duk ƙarzunan ƙaya. Amma cikin bututun kamar ba a taɓa harba ta ba, ƙusoshinta kuma ba wanda ya taɓa su. Irin wannan mun san ta a injina: wadda ta yi aiki a hannun mai kula.

"Duka biyun lafiyarsu lau," na ce. "Amma in ni ne, mai madubin zan ɗauka."

Daidai nan aka kira magariba a masallacin bayan yadinmu. Na ce ta jira ni, muka fita da Alhaji. Muna alwala yana ta faɗa mini cewa a Maraɗi ma kakansa maharbi ne, ni kuwa hankalina yana kan waccan doguwar.

Da muka dawo na same ta tsaye da gajeriyar a hannu, doguwar kuma an kwantar da ita gefe.

"Abba, kalli nan."

Ta kai wayar wuyan katakon doguwar, daidai inda ya haɗu da ƙarfe, ta ɗan murɗa shi da hannu biyu. Sai ga wani siririn layi ya buɗe kamar gashi, ta saki ya rufe.

"Tsagewa ce. An shafe ta da mai, sai an murɗa take nunawa. Aikina ke nan, Abba, kullum cikin katako nake. Wannan da an yi harbi kaɗan za ta ƙaru."

Na cire tabarau na goge, na mayar. Sau biyu na duba wurin nan ban gani ba. Dattijon ya karɓa ya murɗa da kansa, ya girgiza kai, ya ɗauke ta daga kan kantar gaba ɗaya.

"Kuma ko ba tsagewar, ta yi mini tsawo," in ji ta. "Duba."

Ta rufe ido, ta ɗaga gajeriyar zuwa kafaɗa tana fuskantar bango, sannan ta buɗe ido. Kuncinta ya kwanta a kan katakon, idonta daidai saiti, ba ta gyara komai ba. Ta sauke ta sake. Ta ɗora jibgegiyar rigar sanyinta a kan mayafi ta sake. Kowane karo bindigar sai ta je wurinta kamar ta san hanya. Da ƙafar hagu a gaba take tsayawa, ta ɗan rage tsawo, yadda na sha ganin mahaifina yana yi, ita kuwa ko a hoto ba ta taɓa ganinsa da bindiga ba.

Na yi gyaran murya na ce, "Ɗauki wannan, Mamana. Ni na kuskure, ke kika gani."

Alhaji ya buga cinya. "Wallahi Malam, ka haihu!"

Na tambayi dattijon ko harsashinta yana samuwa, ya ce ko a shagon sayar da ƙusa na garinsu akwai. Sai na ba ta abin da nake da shi na gado, don na ƙarfe ya ƙare. Na ce kada ta harbi abin da ba ta gani sarai ba. Kada ta harbi uwa da ɗa a bayanta. Ta sa iska a fuskarta. Ta yi bisimilla kafin ta ja kunama, in ta tarar da sauran rai ta yanka. In kuma ta ji wa dabba rauni, to babu komawa gida sai ta bi sawu ta same ta.

"To, Abba," ta ce.

Makonni ta yi tana zuwa wurin gwajin harbi, tana turo mini hoton takardar da ta huda. Da farko hudojin a warwatse, daga baya suka taru har tafin hannu zai rufe su. Ni kuma ba wanda ban nuna wa ba. Direban motar ɗaga kaya, mai kawo mana shayi, har manajanmu Balarabe, wanda ya ce mashaAllah ya kuma ba ni labarin shahon kawunsa na kusan awa guda.

Da lokacin farauta ya kama, kwanakin farko ba ta samu komai ba. Sanyi ya ci ƙafafunta. Sau ɗaya ta ga mace da ɗanta, ta bar su suka wuce. Ana gab da rufe lokacin, wata yamma ina hanyar komawa gida, sai ga kiranta. Na faka a gefen titi.

Numfashinta har tururi yake. Ta juya wayar, ga namijin barewa kwance a kan ganyaye da ɗan farin ƙanƙara, ƙato, da ƙahonsa.

"Harsashi ɗaya, Abba. Bayan kafaɗa. Bai yi nisa ba ya faɗi. Na yi bisimilla."

Ta ce da ta isa kansa sai da ta zauna ta yi kuka, ba ta san dalili ba. Na ce mata haka ne, kowa da na farkonsa. Motoci suna ta wucewa, ni ma na daɗe a wurin kafin na iya tuƙi.

Washegari na kira ƙauye. Akwai ƙanen mahaifina, shi kaɗai ya rage cikin tsofaffin maharban gidanmu, idonsa ya tafi amma kunnensa garau. Aka kai masa waya, na gaishe shi, na ba shi labari.

"Mace ce ka ce?"

"Mace ce, Baffa. Takwarar Inna."

"Harbi nawa?"

"Ɗaya."

"A tsaye yake ko a guje?"

"A tsaye, Baffa. Ta jira shi sai da ya ba ta gefe."

"Ita ta feɗe?"

"Ita da kanta."

Sai na ji ya ɗaga murya yana kiran mutanen gida, mata da yara, su zo su ji. Da hayaniya ta lafa ya dawo kaina.

"To ka gaya mata, a gidan nan cinyar dama ta naman farko ta babba ce. Tawa ce ke nan. Tunda ba za ta iso ni ba, ta nemi wanda ya fi kowa tsufa a unguwarsu ta kai masa, ta ce daga gare ni."

Na isar da saƙo yadda ya faɗa. Ashe akwai wata tsohuwa a layinsu da take zaune ita kaɗai, mijinta ya rasu, 'ya'ya sun yi nisa. Mamana ta naɗe cinyar ta kai mata, ta yi mata bayanin cewa daga wani kakanta ne a Najeriya. Tsohuwar ta sa aka ɗauke su hoto a bakin ƙofa, tana rungume da naman da hannu biyu, ta ce a nuna masa. Na tura ƙauye, jikokinsa suka zauna suka kwatanta masa abin da ke ciki, har launin rigar tsohuwar. Ya ce a gaishe ta, kuma a tambaye ta ko naman ya yi taushi.