Ƙwarya Ukun Inna

Ni ba mai yawan tuna baya ba ne, don abin da ya wuce bai taɓa cika min rumbu ba. Amma akwai wani hantsi a shekarar farin nan da har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba.

A shekarar rijiyoyin ƙauyenmu duk sun ƙafe, sai guda a hanyar Bici, ita ma sai ka zauna jiran ta tsatso. Tulu biyu nake samu a wuni, in na yi sa'a. Mu uku ne a gidan, ni da matata da Innata, sai san noma guda da na ƙi sayarwa, don in ya tafi, ko damina ta sauka ba ni da abin huɗa. Ana cikin haka matata ta haihu. Wanda ya san jego ya san ruwa yake ci: tukunya a tafasa da ganyen tsamiya safe da yamma, har kwana arba'in.

Na ce ba zai yiwu ba. Na raba ruwa da ƙwarya, kowa uku, sha da tsarki da alwala duk a ciki. Mai jego na ƙara mata biyu na wanka, ragowar kuma a ba san. Har kara na yanka ina auna randa.

Inna ta ce, "Ɗan nan, ƙwarya biyu ko kaza ba ta isa figewa ba. In sanyi ya shige ta, san ne zai shayar da jaririn?"

Na ce, "Inna, in san ya mutu me za mu ci baɗi?"

Ta yi shiru. Na ɗauka na ci magana ke nan.

Wajen sati biyu da haihuwar, na dawo daga rijiya da tulu ɗaya tak, na tarar san ya kwanta, harshe a waje. Da na zagaya, sai ga makwararar makewayi jiƙe sharkaf, ruwa har ya kwanta yana tururi. Ƙwarya biyu ba ta yin haka. Na tsaya a bakin zana ina huci.

"Ke, wa ya ba ki ruwa? Ina can rana na cin ƙeyata, ke kina nan kina yashe min randa?"

Daga ciki matata ta amsa. "Wallahi Malam ban taɓa randa ba. Inna ce take kawo min, ta ce kai ka ƙara."

Na zura kara a randa. Ruwan daidai yake.

Na nufi ɗakin Inna. Tun kafin in yi sallama na ga bangon bakin ƙofarta, wuri guda ya yi sulɓi, ga shatin tafin hannu. Taimama take yi. Butarta na gefe, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Na same ta jingine, leɓe ya tsattsage, ido ya faɗa.

"Inna, yaushe rabonki da ruwa?"

"Ina kurɓa," in ji ta. Ta yunƙura za ta tashi don ta ƙaryata ni, sai ta zube.

Tulun da na kawo saboda san, shi na janyo. Ina shafa mata a fuska, ina ɗiga mata da ludayi, rabi na shiga rabi na bin wuya. Ina jin nishin san a waje, ban leƙa ba. Sai wajen azahar ta buɗe ido, ta kalle ni ta ce, "An ɗora ruwan yamma?"

Da ta ɗan farfaɗo ta ce, "Kai da kake auna abin da ke shiga makewayi, ka taɓa auna abin da ke fita?"

Daro muka sa, mai jego ta riƙa wanka a cikinsa. Ba sabulu, ganyen tsamiya ne kawai. In ruwan ya huce ya kwanta, a tsiyaye wa san. Ya sha, ya tashi, da shi na yi huɗa. Inna kuwa ba ta ƙara miƙewa kamar da ba.

Har yau akwai daro a makewayina. Abin da na koya shi ne, in ka tsuke ruwa a gida ka ga lissafinka ya fita daidai, to ka duba wanda ya yi shiru. A jikinsa ake cirewa.