Bakin Akawal

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare Baba ya sayo doki daga wata ruga a bayan Doguwa. Akawal ne, baƙi ƙirin. Aka kafa masa turke a garkar bayan gidanmu a Yako, daidai tagar ɗakin Inna, inda nake zama in yi aikin makaranta. Ni ko a aji ba na ɗaga hannu, nawa kallo ne.

Bafillacen da ya sayar da shi ya gaya wa Baba cewa da ragamar igiya kawai suke hawansa, ƙarfe bai taɓa shiga bakinsa ba. Baba ya yi dariya, ya ce wannan hawan ruga ne. A garinmu doki ba ya fita sai da linzamin ƙarfe, irin mai harshe da ke tokare ganda in an ja. Haka kowa ya gada.

Babban yayana aka ba wa hawansa. Ranar farko sai da maza uku suka danne dokin, ɗaya ya murɗe masa kunne, kafin ƙarfen ya shiga. Da Yaya ya hau ya ja, Akawal ya miƙe tsaye kan ƙafafun baya. Yaya ya zuba masa bulala, ya caka masa kaimi a ciki. Dokin ya zabura, Yaya ya sake fizgar linzami. Kumfar bakinsa ta fara fita fara, kafin su dawo ta koma ja.

Haka aka yi ta yi har aka gama girbin dawa. Haƙarƙarin dokin duk ya zama miki, ƙudaje na bi. Daga taga na lura da zarar ya ji ƙarar ƙarfen, kunnuwansa sai su kwanta baya, fatar wuyansa ta hau rawa.

Wata ranar Laraba da yamma Yaya ya ja da hannu biyu. Akawal ya miƙe, ya wuce tsaye, ya faɗo ta baya da shi. Na ji ƙarar hannun Yaya kamar an taka busasshen kara. Dokin ya tashi yana shuri, kofatonsa ya wuce kan Yaya da kaɗan. Baba ya fito da gora ya dinga maka wa dokin a fuska har gorar ta tsage, Inna tana ta salati. A wurin ya rantse cewa in kasuwar Kwanar Dangora ta ci, zai kira masu loda dawaki a mota zuwa kudu. Kowa ya san ba don hawa suke sayensu ba.

Mai ɗori ya ɗaure hannun daman Yaya da karare. Ciyar da dokin ya dawo kaina. Na ga in ya ɗauki harawa sai ya tauna sau ɗaya ya zubar, don haka na riƙa jiƙa masa dusa a ruwa. Da ya buɗe baki na hango gandarsa a tsage, harshen ya kumbura.

Na daɗe ina juya maganar kafin na iya faɗa wa Yaya, idona a ƙasa.

"Yaya, ba tutsu ba ne. Bakinsa ne a yanke."

"To, sarkin dawaki. Ki gama koyon ɗaura zani tukuna."

Safiyar da masu mota za su zo, Yaya ya ce ba za a tafi da shi ana cewa doki ya fi ƙarfinsa ba. Ya gwada sa linzami da hannun hagu, Akawal ya kai masa cizo, ya yaga masa riga. Kaimi ma bai ɗauru ba. Ya zagi dokin, ya taka turmi ya haye, babu sirdi, daga shi sai ragama.

Akawal ya ƙame yana jiran duka. Hannun da ke dukan kuwa yana rataye a wuyan Yaya. Sun daɗe a haka, har kunne ɗaya ya ɗago ya juyo baya. Yaya ya gyara zama saboda zafin hannu, gwiwarsa ta dama ta matse. Dokin ya juya hagu a hankali. Yaya ya dube ni, ya gwada ɗaya gwiwar, dokin ya juya dama. Da Yaya ya sauke nauyinsa baya, sai dokin ya tsaya.

Suna zagaye na uku Baba ya shigo da mai saye, wani dogo da igiya a kafaɗa. Akawal na ganin Baba ya kwantar da kunnuwa, ya fara ja da baya.

"Baba, don Allah ka tsaya daga nan," in ji Yaya, yana shafa wuyan dokin da hagu.

Ban taɓa jin wani ya tsayar da Baba a gidansa ba. Ya tsaya. Mai saye ya ce rana na yi, mota na jira. Baba bai kalle shi ba, ya ce an fasa, ya yi haƙuri da wahalar hanya, a kawo masa ruwa ya sha.

Ni aka aika ɗebo ruwan.