Majon Da Aka Tsayar a Bakin Ƙofa

Ban yi lakkol ba, wato makarantar boko. Ungozoma ce ni, kuma ni ke share likitar garinmu, gabas da Dakoro. Haihuwa tara na yi, uku suka rayu.

Likitar ɗaki biyu ce, ma'aikacinta ɗaya, namiji, muna ce mashi majo. Shi kuma Inna yake ce mani. Shekara shida yana kan kontara. Ya ce in ba a ɗauke shi aikin dindindin ba, zai tafi. Mun san in ya tafi rufe likitar za a yi.

Wata rana ya nuna mani salularshi. Ya ce akwai wata manhaja a ciki da ke nuna wa ma'aikatan lafiya hanyar ci gaba. Ya ba ta shekarunshi da diplom ɗinshi da inda yake zaune. Ta ce masu karɓar haihuwa ne suka yi ƙaranci a yankinmu, ya koyi wannan aikin, zai samu gurbi. Na tambaye shi ko ya gaya mata shi namiji ne. Ya ce ya gaya mata, ta ce ba matsala.

Wata takwas yana hawa tudun bayan rijiya yana karatu, nan kaɗai ake samun rezo, inda salula ke kamawa. Ya je Maradi formasiyo, aka horar da shi, ya dawo da takarda. Mata suka ci gaba da kawo mashi yara masu zazzaɓi, amma ko ɗaya ba ta zo haihuwa ba.

Ranar kasuwa aka kawo matar wani makiyayi a amalanke, ta haihu, jini na zuba. Majo ya sa safar hannu. Mijin ya tare ƙofa da sandarshi.

"Tsohuwa ta shiga. Kai a'a."

Majo ya roƙe shi, ya haɗa shi da Allah. Bai gusa ba. Na shiga ni kaɗai. Majo ya tsaya bayan taga, ya juya baya, yana faɗa mani inda zan danna. Allurar tsayar da jini tana hannunshi, ni kuwa ban iya allura ba. Kafin la'asar matar ta cika. Jaririyar ta yi kwana biyu, ita ma ta bi ta.

Mijin ya yi mana godiya, ya ce kwananta ne ya ƙare.

Bayan sati ɗaya majo ya same ni a gida. Ya ce ya nemi aiki a birni, ɗakin jinyar maza.

"Inna, ki yafe mani."

Na ce bai yi mani komai ba.

Damina biyu ke nan ba a aiko kowa ba. Yanzu ko zazzaɓi ne, sai an ɗauki yaro a moto, wato babur, zuwa Dakoro.