Zanen da Baba Yakubu ya bar mini

Yaya Hadiza, jiya na yi wani mafarki da har yanzu ya ƙi sakina. Amma bari in fara ba ki labarin tsohon, don ki gane.

A gidan tsofaffin da nake aiki a nan Turai akwai wani Bayahude, Yakob, ni Baba Yakubu nake ce masa. Yana ƙarami aka kwashe su zuwa sansanin da ake hallaka Yahudawa lokacin yaƙin duniya na biyu. Duk gidansu shi kaɗai ya fito da rai. Zane yake yi, amma ba mutum a ciki, ba gida, ba bishiya. Baƙi ne da ruwan toka, sai ja da aka yarfa nan da can. Kafin ya rasu watan jiya ya ba ni ɗaya, ya ce, "Danginmu ne." Na yi godiya, a raina ina cewa wannan jagwalgwalo ai ko ɗan yaye zai iya. Na tura shi ƙarƙashin gado.

To a mafarkin, wai ina tashar jirgin ƙasa, amma ƙasan wurin farin yadi ne an ja shi tamau, irin wanda Baba Yakubu yake zane a kai. Mutane sun yi layi ba takalma, ko tari babu mai yi. Sai kawai na ga ashe layin ta zauren gidanmu na Gusau ya fito. Wani mutum cikin kaki mai guga yana zaune yana ɓare lemo. Bai ko ɗago ba ya miƙo mini burushi da bokitin fenti, ya ce, "An ce hannunki da taushi. Fara."

Duk wanda na shafa wa fentin a fuska sai ya baje a yadin, ya zama tabo. Ba ihu, ba jini. Wata mata ta miƙo mini jaririnta wai in taimaka in riƙe mata, na haɗa su na shafe. Yaya, wallahi ban ji komai ba. Har komawa nake ina gyara inda fenti bai kama ba, mutumin yana cewa, "Madalla."

Sai kawai ga Inna a layin, riƙe da hannun 'yata Ummi da na bari a wurinta. Ta ce, "Rabi, kin rame. Kina cin abinci kuwa?" Na tsoma burushi. Ummi ta runtse ido da kanta ta ɗago haɓa, yadda take yi in zan wanke mata fuska.

Sai kawai layi ya ƙare, saura Baba Yakubu a kekensa na guragu. Na ɗaga hannu, mutumin ya ce, "A'a, bar wannan. Dole a rage ɗaya da zai riƙa tunawa." Ya yi dariya, ya tofar da 'ya'yan lemo. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ko kallona bai yi ba. Ya sauko yana rarrafe, yana laluben tabon ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunaye. Har Ummi ya kira.

Nan na farka, hannun damana a dunƙule har ya yi tsami. Na kira gida, Inna ta ce lafiya lau, yarinyar ma ta tafi makaranta.

Don Allah ki tambayar mini Malam, amma kar ki ce ni ce. Da ni aka shafe, da na ce tsoro ne kawai. To me ya sa ni aka miƙa wa burushin, kuma me ya sa hannuna bai ko yi rawa ba?