Gwaggo, Biri da Kunamar Ruwa

Shekara goma sha tara gwaggona ta yi tana shara a gidan namun daji. Da safe takan fara da kejin ƙananan birai, waɗanda ba su wuce tafin hannu ba, ta ƙare da goge gilashin tankin kunamar ruwa, wani kifi mai faɗi kamar faifai, da ƙaya a wutsiya. A aji huɗu na firamare karatunta ya tsaya. Amma duk allon bayanin da ke gaban keji ta haddace shi, don ita ke wanke masa kashin tsuntsaye.

Da aka ce ana neman mai zagayawa da baƙi, ta kai sunanta. Muka yi ta dariya a gida, har da ni, kuma har gobe ina jin kunyar wannan dariyar. Mijinta ya ce, "Da tsintsiya za ki riƙa nuna musu zakin?" Ta ce, "Malam, abincinka zai huce."

Ranar gwaji su biyar ne, huɗu samari masu takardun jami'a. Likitan dabbobi ya yi musu tambaya ɗaya: biri da kunamar ruwa, ina danginsu ya haɗu, ina ya rabu, kuma wanne ya fi kusa da ƙarewa a duniya?

Samarin duk suka ce biri. Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabi.

"Ranka ya daɗe, duka biyun masu ƙashin baya ne, nan suka haɗu, sai dai na kunamar guringuntsi ne. Duka biyun haihuwa suke yi, na ga tata da idona. Amma biri ke ba da nono, ita kifi ce. Irin birin nan namu tagwaye yake zubawa, allonsa ma ya ce babu fargaba a kansa. Ita kuwa sai ta yi shekara da shekaru kafin ta balaga, 'ya'yan kaɗan, ga ragar masunta tana kwashe su. Fuskar ban tausayi ce kawai ba ta da ita."

Likita ya ajiye biro. "Baba, a ina kika yi karatu?"

"A nan. Kullum da safe kana wuce ni."

Ita aka ba aikin. Ranar farko baƙi suka ruga wajen birai kamar yadda aka saba. Gwaggo, cikin sabuwar koriyar riga, ta tsaya a bakin tankin ta ɗaga murya.

"Jama'a, ta nan za mu fara. Biri ba ya rasa masu gaishe shi."